Ranar da Kaka Ta Ci Naman Kowane Gida

Washegarin babbar sallar bana ina tsakar gida a nan Konni ina yanka albasa, sai wata 'yar yarinya ta yi sallama, ta miƙo mini nama cikin baƙar leda, ta juya da gudu. Na ƙwala mata kira in ji daga wane gida aka aiko ta, ina! Ta riga ta sha kwana. Na tsaya riƙe da ledar, ƙanshin kitsen da ya wuni a bakin wuta yana dukan hancina. Na jawo kujera na zauna. Ledar nan da ba a san gidan da ta fito ba ita ta mai da ni ƙauyenmu na cikin kwarin Badagishiri, ranar wata salla da ba zan manta ba muddin ina numfashi.

In kai ba ɗan wajenmu ba ne, bari in gaya maka yadda muke layya. Ranar salla ba a rabon nama. A yanka rago, a feɗe, a baje shi a kan sanduna biyu a gicciye, a jera ragunan unguwa kewaye da wuta, su wuni suna gasuwa a hankali, kitse na ɗiga. Sai gari ya waye ake saukewa a yanyanka, a shiga aike gida gida. A zamanin da nake ba ka labari babu leda. Kwano ne, a rufe da faifai, kuma kowace mace da irin saƙar faifanta. Mu 'yan mata tun daga bakin zaure muke gane kwano: mai jan baki na gidan liman ne, mai zanen ƙafar kaza na gidan maƙera ne, wanda ɓera ya ci gefensa kuwa kowa ya san mai shi, ba sai na tona mata asiri ba.

Ni da wana, wanda nake kira Yaya, a hannun kakarmu muka tashi, wadda ta haifi babanmu. Dalili kuwa shi ne an kashe Baba. Haka nan nake faɗinsa ƙarara, don na daɗe da gajiya da cewa "ya rasu" kamar zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Lokacin sanyi ne, albasa ta fara ƙosawa, yana ban ruwa shi kaɗai a garkarsa ta cikin fadama. Da hantsi Kaka ta ɗauki ƙwaryar hura ta kai masa da kanta, don ran nan ina lakwal, wato makarantar boko. Ta tarar da shi kwance tsakanin fangalin albasa, an buge shi a ƙeya, guga na gefensa ruwa bai gama tsiyayewa ba. Da sauran numfashinsa. Wasu mata masu itace da ke saukowa daga tudu sun hango ta ta durƙusa, ta kai kunnenta bakinsa, ta daɗe a haka. Kafin su iso rai ya yi halinsa.

To, ka ga inda maganar take. Duk garin an san Baba ya yi magana, kuma kunne ɗaya ne ya ji.

Jandarmomi suka zo daga Illela cikin mota, suka auna nan suka auna can, suka zaunar da Kaka a zaure. Ta ce musu, "Kalmar shahada ya yi, ya ce in riƙe mishi yara." Suka juya tambayar ta kowace fuska, amsar dai ita ce. Suka tafi da wasu maza, bayan 'yan kwanaki suka sako su. Mai gari ya kira ta, liman ya zo har ɗaki ya yi mata nasiha. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Inna, mahaifiyarmu, ta gama takaba, danginta suka zo suka tafi da ita, daga baya ta yi aure wajen Malbaza. Magana ta kwanta a bakin mutane, amma a gidanmu ba ta kwanta ba.

Na girma ina kallon yadda maza ke gaida Kaka. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, in ta tsaya kusa da turmi da kaɗan ta fi taɓarya tsawo, amma manyan magidanta masu rawani sai su cire takalmi tun daga nesa su tsuguna. Ita kuwa gaisuwarta ɗaya ce ga kowa, kamar da mudu take aunawa. "Lahiya lau. Ina gida? Madalla." Ba ta ƙara wa wani, ba ta rage wa wani. A lokacin haushi abin yake ba ni. Nakan ce a raina, wannan wace irin uwa ce, an kashe mata ɗa tana ta rabon madalla?

Yaya ya fi ni cin wuta. Yaron da da shi ne gwanin langa a dandali ya koma ba ya dariya. Da gashin baki ya fara tsiro masa sai ya ɗauko wuƙar Baba ta yanka, ya yi mata kube, ya riƙa ɗaura ta a damtse ƙarƙashin riga. Kullum da la'asar za ka ji shi bayan rumbu yana wasa ta a dutse, ƙyas, ƙyas, ƙyas, wuƙar da tun tuni ta isa aske gashi. Wata rana ya dube ni ya ce, "Ranad da na ji sunan, mai shi ba ya kwana duniya." Kuma na san ba cika baki yake ba. Yanzu da hankali ya zo mini na san abin da ke bayan wannan magana: ko gidan kaso har tsufa, ko gudu ƙetaren iyaka ba dawowa, ko dangin wancan su biyo shi su rama. Ko ta ina aka bi, Yaya ya tafi ke nan. Amma ina 'yar shekara goma sha ban hango haka ba. Ni dai so nake in sani, son sanin yana cina kamar ƙaiƙayi.

Sai muka zama 'yan bincike, ni da shi. Ni ce kunne, don mace ba a korarta daga bakin rijiya. In na je ɗibar ruwa sai in yi ta jan guga a hankali ina tsintar zancen manya, in kawo masa. Shi kuma yana bin majalisar maza ranar kasuwa. Mun zargi maƙwabcin garkarmu, wanda suka taɓa sa-in-sa da Baba a kan bakin rijiya. Mun zargi dillalin albasa mai jajayen idanu. Mun zargi wani ɗan'uwan Baba na nesa da ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Kai, har ladan bai tsira ba, wai don yakan yi tari in ya zo wucewa ta ƙofarmu! Yau mu tabbata wannan ne, gobe mu rushe. Shekaru muka yi muna wannan kewaye, ba mu kama ko wutsiyar gaskiya ba.

Ni ce na fara lura da zancen kwanukan salla. Kafin mutuwar Baba, washegarin layya ranar nishaɗin Kaka ce. Takan zauna a ƙofar ɗaki, duk kwanon da ya shigo ta ɗaga faifai ta leƙa, ta yi masa shari'a. "Gidan wane ko kunya babu, ƙashi suka aiko ma tsohuwa!" Ko kuma, "Kai, wagga ɗiya ta san darajar manya, dubi tsoka." Mu yi ta dariya. Amma tun da aka kashe Baba ta daina. Kwano na shigowa za ta karɓa ta kau da kai, ta juye a babbar tukunya, ta zuba namu a ciki ta miƙa wa ɗan aike. Naman gari duk ya cakuɗe wuri ɗaya kafin kowa ya san na wane ne. Na yi ta juya abin a raina, har ran nan ya faɗo mini: akwai kwanon da ba ta son gani. Don kada a gane shi ne ta daina kallon dukansu.

Da na gaya wa Yaya, sai da ya miƙe tsaye. Muka ƙulla shawara. Ai an ce labarin zuciya a tambayi fuska. In aka jera kwanukan daban daban a gabanta, kowanne da faifansa, dole hannunta ya tsaya a kan ɗaya, ko idonta ya kauce, ko bakinta ya yi rawa. Uwa ba ta iya taɓa abincin wanda ya kashe mata ɗa fuskarta ba ta nuna ba. Mu dai namu kallo.

Sallar shekarar a tsakiyar bazara ta faɗo, irin zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Washegari da sassafe Kaka ta ɗauki sandarta ta tafi ƙarshen gari yi wa wata aminiyarta barka da salla, tsohuwa ce da ciwon ƙafa ya kwantar. Allah ya ba mu yadda muke so. Kwanuka suka fara shigowa, duk yaron da ya kawo sai in ce masa tukunya ba ta samu ba, ya tafi, za a kawo musu kwanonsu. Na jera su a inuwar rumbu, layi guda, kowanne da faifansa a kai. Duk gidajen garin sun aiko, don gidan marayu ba a tsallake shi. Yaya ya jingina da katanga ya harɗe hannuwa, ina ganin tudun kuben a ƙarƙashin hannun rigarsa ta salla.

Rana ta ɗaga sosai Kaka ta dawo. Ta yi sallama, ta tsaya. Ta dubi layin kwanukan tun daga farko har ƙarshe. Ta dube ni. Sannan ta dubi Yaya, ba fuskarsa ba, damtsensa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce, "Ni ce, Kaka. Cewa na yi ki duba kamar da, ki hwaɗa muna gidan da ya yi rowa." Ni kaina na ji ƙaryar ba ta zauna ba.

Can ta jingine sandarta ta ce, "Ɗauko min tabarma, da ruwan wanke hannu."

Ka tuna tsohuwa ce da haƙoranta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Rabonta da gasasshen nama an daɗe, sai an dafa ya yi lugub ko an daka mata. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta jawo kwanon farko, ta ɗaga faifai. Ta ambaci gidan da sunan mai shi, ta yi bisimilla, ta yagi tsoka ta kai baki. Ta yi ta murzawa da dasashi har ta haɗiye. Ta ce, "Allah shi karɓa, Allah shi maimaita musu." Ta rufe, ta tura gefe, ta jawo na biyu.

Wallahi ban taɓa kallon fuskar mutum kamar yadda na kalli tata ran nan ba. Ko ƙiftawa ba na son yi. Gumi na bin tsagar kumatunta yana ɗiga a haɓa, jijiyar wuyanta na tashi duk lokacin da za ta haɗiye. Aka zo kan kwanon maƙwabcin garka, na ji Yaya ya ɗauke numfashi. Ta ambaci sunansa, ta yi bisimilla, ta ci, ta yi masa addu'ar da ta yi wa na farko. Aka zo na dillali, haka. Na ɗan'uwan Baba, haka. Na liman, na maƙera, na mai faifan da ɓera ya ci. Hannunta bai tsaya ba, bai yi sauri ba, muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Tun ina jiran in kama ta har na manta abin da nake jira. Tsakar gidan ta yi tsit, ko kaji sun daina tono, ba ka jin komai sai ƙarar faifai a bakin kwano. 'Yar tsohuwar nan da nake ɗauka ɗaya cikin kayan ɗaki, sai na ga ta cika gidan har ba wurin tsayawa. Tsoronta ya kama ni, irin tsoron da kan kama mutum in ya tsaya gaban babban ruwa.

Ta rufe kwano na ƙarshe, ta wanke hannu, ta goge baki da gefen zane. Sannan ta kira Yaya da sunan wasan da takan kira shi tun yana goye.

"Maigida, taho nan."

Ya zo ya tsuguna, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Ta ce, "Ka gani na ci. Ni da na yi naƙudatai, ni da na ba shi nono, na ci. Sunan da kake biɗa yana nan," ta dafa cikinta, "kuma da shi za a ruhe ni. Ban ce na yahe ba. Akwai ranar tsayuwa, can za mu gamu, ga alƙalin da ba a yi ma ƙarya. Amma an ɗauke min guda da hannun wani. Ba a ɗauke min na biyu da bakina."

Yaya ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ubanka cewa ya yi in riƙe ku. Riƙon ke nan nike yi. Zauna ka ci."

Ya zauna. Ta riƙa tura masa kwanukan ɗaya bayan ɗaya, yana yaga yana kaiwa baki, hawaye na zuba cikin naman. Ni ma ta ce in sa hannu, na sa. Da muka gama ta miƙa masa tafin hannu. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya zare wuƙar daga damtse ya ɗora mata. Ta juya ta, ta gwada kaifin da babban yatsa, ta mai da masa ta ce ai ga ragonmu can bai yanku ba, kuma kwano ba ya komawa gidansu wayam. Ya yanyanka naman layyarmu da wuƙar Baba, na zuba a kowane kwano, na rufe da faifansa. Mai da kwano aikin 'yan mata ne, amma ran nan Kaka ta ce Yaya ne zai kai, gida gida, kuma kada ya ba yaro a ƙofa, ya nemi mai gidan ya tsuguna ya yi masa barka da salla. Ya jera su a babban tire ya ɗauka ya fita. Wuƙar tana nan kan tabarma inda ya bar ta.

Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace sannan Kaka ta yunƙura ta tashi. Ta bi bayan ɗaki tana dafa bango. Na ji wani irin sauti, na ɗauki buta na bi ta. Na same ta durƙushe ta riƙe ginshiƙin zana da hannu biyu, tana amai kamar za ta fitar da hanjinta. Ba ta yi kuka ranar da aka kawo gawar Baba ba, mata har gulmar haka suka yi, amma ran nan na ji ta tana kiran sunan ɗanta a hankali, sunan da ba ta taɓa faɗa ba don ɗan fari ne. Na tsaya da buta a hannu na rasa abin yi. Da ta lafa ta karɓa ta kurkure baki, ta wanke fuska, ta ɗago ta dube ni.

"Kitse ne," in ji ta. "Tsohuwa da kwaɗayi. Ba ki ga komi ba."

Na ce ban gani ba. Ta tura ƙasa ta rufe wurin da ƙafarta, ta gyara ɗaurin kallabi, kafin Yaya ya dawo tana zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi.

Daga ranar ban sake jin ƙyas ƙyas a bayan rumbu ba. Ba wai Yaya ya warke rana ɗaya ba ne, ya daɗe yana ciwo, amma wuƙar ta koma rataye a ɗakin Kaka, ba ta saukowa sai layya. Da ajalinta ya zo, bayan na yi aure har na haihu, ɗakin ya cika da 'yan dubiya, kuma na san a cikin masu zama a zaure akwai mai jiran ta yi magana, wataƙila akwai mai addu'ar kada ta yi. Ta nemi ruwa, ta sha, ta yi shahada. Mazan garin kaf suka ɗauki makararta suna karɓa-karɓa, Yaya na gaba. Ya ba kowa hannu a bakin kabari, bai tsallake ko ɗaya ba.

Har yau ba mu san wanda ya kashe Baba ba. Mutanen da muka zarga yawancinsu sun bi ta, sauran sun tsufa. Yaya yana nan da ransa, furfura ta cika masa gemu, yana noman albasa a garkar nan dai, sai dai yanzu inji ke jan ruwan. 'Ya'yansa sun cika gida, babbar 'yarsa ma a ɗaya daga cikin gidajen da suka aiko kwano ran nan take aure. Da aka zo neman aurenta wani ya ja shi gefe ya ce ya dai bincika, sai ya ce, "Kaka ta ci naman gidan."

Yanzu zamani ya juya. Abu kaɗan ya faru, kafin a binne mamaci an sa sunan wani a waya, ya zaga gari ya ƙetare iyaka, ko shi ne ko ba shi ba ne. Kowa na gaggawar ya riga wani faɗa. Nakan ji haka in tuna ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in tuna matar da ta haɗiye abin da ya fi ƙarfin cikinta don jikanta ya kai ga yin furfura. Ni da nake da 'ya'ya yanzu, na sha tambayar kaina ko zan iya. Ban sani ba, kuma ina roƙon Allah kada ya gwada ni.

Ina nan zaune da ledar a cinya autata ta fito daga ɗaki, ta leƙa ta ce, "Inna, wannan daga wane gida?"

Na miƙa mata na ce, "Juye a tukunya, ki ɗebo namu ki bi yarinyar da ta kawo da shi, ba ta yi nisa ba."